Ruwan Haruffa

Shafi na 14

Masu cewa shafin da ya gabata ya yi gajarta, na ji. Masu cewa in hanzarta, su ma na ji. Shekara talatin da ɗaya na yi a ofis ana ce mini in hanzarta, kuma ban taɓa ganin takardar da ta isa da wuri saboda haka ba. Ga inda muka tsaya.

Madam Felicia ba ta saki leɓen yarinyar ba.

Ranar Lahadi ce, bayan azahar, cikin bazarar 1956, a gidan Mista Celestine da ke Sabon Gari. Hambali, mai jera haruffa a maɗaba'ar maigidan, yana tsaye daga bakin ƙofa ba takalmi, ko da yake sau biyu ana ce masa ba sai ya tuɓe ba. Ya kawo 'yarsa Zinariya, mai shekara shida, domin a auna ta a ɗinka mata rigar makaranta. Washegari Litinin malamar makarantar za ta sake gwada ta a kan haruffa. An gwada ta bara ta faɗi, kuma an gaya masa babu gwaji na uku.

Awon ne ya tsaya. Felicia ta ce wa yarinyar ta miƙe hannu domin a auna tsawon hannun riga, sai hannun ya miƙe amma tafin ya langaɓe ƙasa kamar ganyen da rana ta buga. Felicia nas ce, kuma a Sabon Gari aka haife ta, Hausarta ba ta da gargada. Ta ajiye igiyar awo, ta ja fatar idon yarinyar ta duba, sannan ta ɗaga leɓenta.

Daidai inda haƙori ya haɗu da dasashi akwai wani siririn layi mai duhu, tsakanin shuɗi da toka, kamar an ja shi da fensir.

Hambali ya ce wataƙila goro ne, kakarta takan gutsura mata. Felicia ta kira mijinta da harshensu. Celestine ya fito da jarida a hannu, ya sunkuya ya duba, ya daɗe bai ɗago ba. Da ya ɗago sai ya ce ya taɓa ganin irin wannan layi sau ɗaya, a bakin tsohon da ya koya masa aiki a Anacha. Amma shi tsohon shekara talatin ya yi yana narka dalma.

Daga nan Felicia ta shiga tambaya, a hankali, kamar mai cike takarda. Ko yarinyar tana ciwon ciki? Tana yi. Ko bayan gida yana yi mata wuya? Yana yi. Ko ta koma yawan fushi, tana jifa da abin da ke hannunta? Ta koma. Ko tana manta abin da ta riga ta sani?

A nan Hambali ya juya ya dubi 'yarsa.

Kowane ɗaya daga cikin waɗannan yana da bayaninsa, kuma ya daɗe yana riƙe da bayanan a jere kamar haruffa a akwatinsu. Ciwon ciki, tsutsa ce. Fushi, maraici ne, tunda uwarta Zara ta rasu shekara biyu ke nan. Mantuwa kuwa ƙuruciya ce. Bai taɓa haɗa su a layi ɗaya ya karanta ba, shi da haɗa layi ne sana'arsa.

"Dalma ce, Malam Hambali," in ji Felicia. "Irin wadda kuke aiki da ita. Babba idan ta shige shi, ciki da gaɓoɓi take fara kamawa. Yaro kuwa kansa take nufa. Ƙwaƙwalwar yaro tubali ce da bai bushe ba, duk abin da ya taka ta sawunsa yana zama."

"Abin da ta manta, Madam, zai dawo?"

"Ba zan yi maka ƙarya ba. Wani yakan dawo idan an tsayar da wuri. Wani ba ya dawowa."

Ta ce gobe ba makaranta zai kai ta ba, asibiti zai kai ta, ita za ta jira su a ƙofa. Amma kafin gobe sai ya gano ta inda abin yake shiga jikinta ya toshe, domin duk maganin likita ba zai yi amfani ba matuƙar ana ƙara zubawa.

Celestine ne ya tuna da gwangwanin. Shekara ɗaya da rabi da ta wuce Hambali ya roƙe shi tsofaffin haruffan da suka guntule, waɗanda ake tarawa domin narkawa, ya ce zai koya wa 'yarsa karatu da su. Celestine ya ba shi cike da gwangwanin madara, har yana yaba masa. Mutumin da ba ya barin ma'aikaci ya ci abinci sai ya wanke hannu da sabulu, wanda kuma yake tilasta wa kowa shan madara da safe, shi ne ya miƙa gwangwanin da hannunsa. Hambali ya daɗe yana ɗaukar wankin hannun da madarar a matsayin wata al'adar Turawa da maigidan ya aro, irin wadda ake yi domin a zauna lafiya da mai ba da aiki.

Hambali ya ce ai yarinyar ta daina taɓa haruffan tun tuni. Ta daina sha'awarsu. Gwangwanin yana wurin mahaifiyarsa.

Felicia ta girgiza kai. Ta ce taɓawa ma tana da illa, amma ba ta kai wannan cikin wannan ɗan lokaci.

"Wannan ci ne, ko sha. Wa ke ba ta abinci?"

Celestine ya raka su har bakin titi. Ya gyara wa yarinyar ɗankwali, ya koma ciki.

Tsakanin Sabon Gari da Fagge ba wata tafiya ba ce, amma Hambali ya daɗe da sanin cewa ta fi tsawon da ido ke gani. A Sabon Gari Malam Fagge ake ce masa. A Fagge kuwa Hambalin Sabon Gari. Tun rikicin da aka yi shekara uku da suka wuce, masu amsa masa sallama da cikakkiyar murya sun ragu a ɓangarorin biyu, kuma kowane ɓangare yana da yaƙinin cewa ɗayan ya karɓe shi hannu bibbiyu. Mutum ɗaya ce take jiran dawowarsa da yamma, ita ce kuma yake ɗauke da ita a kafaɗa yanzu, ba ta fi nauyin dami ɗaya na takarda ba.

A da, idan suka bi ta gaban kantunan Kwari, ba ta barin allon kanti ko ɗaya. Kowane harafi ta ba shi suna nata: wannan mai ƙafa biyu, wancan mai tumbi, ga mai sanda. Sai ta faɗi sunan da ta raɗa masa, sannan ta faɗi na gaskiya, tana dariya. Tana da shekara huɗu da rabi a lokacin. 'Yan dako har tsayawa suke yi su saurare ta.

Yau ya tsaya a gaban wani allo, ya nuna mata harafin farko, ya tambaye ta da muryar wasa.

Ta dube shi, ta dubi allon.

"Na san shi, Baba. Sunansa ne ya ɓuya."

Ya ce ba komai, shi ma sunaye sukan ɓuyar masa. Suka ci gaba da tafiya.

Inna Fanta tana zaune a tsakar gida, a inuwar katanga, tana tsince shinkafa a faifai. Matar marigayi Goni Sammani ce, wanda ya zo daga Barno da alluna da ɗalibai ya zauna a Fagge har ya rasu. Hambali ne ɗanta na fari, saboda haka a shekara talatin da huɗu na rayuwarsa bai taɓa jin sunansa a bakinta ba. Idan tana son sa, sai ta ce "kai". Idan tana maganarsa da wasu, sai ta ce "mai gidan nan". Ba ta taɓa yaba masa ba, ba ta kuma taɓa tambayarsa abin da ke damunsa ba. Haka aka tarbiyyantar da ita, kuma ta riƙe tarbiyyar da kyau.

Ya sauke Zinariya, ya ce ta shiga ɗakin kakarta ta kwanta ta huta. Ya jira har ta shige. Sannan ya durƙusa ya gaida mahaifiyarsa kamar yadda ya saba, ya tambayi gida, ya tambayi zafi. Bayan an gama wannan ya ce yana son gwangwanin haruffa.

Ta ce me zai yi da shi yau, ai ana amfani da shi.

Bai fahimci maganar ba. Ya ce dubawa kawai zai yi.

Ta tashi ta ɗauko shi, ba daga ɗaki ba, daga madafa, kusa da murhu. Tun kafin ya buɗe ya ji ƙanshin tsamiya. Ya zuba hannu ya ɗebo kaɗan.

Mai jera haruffa ba ya buƙatar ido. Shekara sha biyu yatsun Hambali suna karanta dalma, ya ɗauki harafi ya shafa fuskarsa ya san ko wane ne tun bai kai shi ga layi ba. Ya shafa na farko, bai gane shi ba. Ya shafa na biyu. Ya shafa na uku. Fuskokinsu sun cinye, sun yi sumul, wasu sun yi rami-rami, duk sun yi fari-fari kamar an barbaɗa musu gari. Haruffan sun makance.

"Inna, me ya same su?"

"Wankewa ce. Ai duk rubutun da ake wankewa haka yake ƙarewa."

Ta faɗi haka ne ba tare da ta ɗago daga faifan ba, da muryar wadda aka kama tana aikin alheri a ɓoye.

Sai ta yi masa bayani, tiryan-tiryan, domin mace ce mai tsari. Shekara arba'in tana wanke wa Goni alluna. Duk ɗalibin da hadda ta yi wa nauyi, Goni yakan rubuta masa, ita ta wanke, yaro ya sha, kuma ta ga waɗanda Allah ya buɗe wa kai da idonta. To, da aka koro yarinyar nan bara, ta zauna ta yi tunani. Karatun allo yana da rubutunsa. Karatun boko ma ga nasa rubutun a gwangwani, har ma ya fi na allo ƙarfi tunda na ƙarfe ne. Da farko ta jiƙa su a ruwa, ruwan ya fito garau, ba abin da ya sauka. Rubutun da bai sauka ba kuwa ba a sha shi ba. Sai ta tuna da abin da ake wanke tasa da shi idan ta yi duhu. Ta jiƙa tsamiya, ta zuba haruffan, ta bar su suka kwana. Ruwan ya sauya kama, har da ɗan zaƙi-zaƙi. Yarinyar ba ta taɓa ƙin sha ba.

Hambali ya tambaye ta tun yaushe.

Ta ce tun watan Maulidi. Kullum da safe, bayan ya fita.

Ya lissafa a zuciyarsa. Sannan ya tuna yadda aka koro yarinyar bara, da dalilin korar. Ba rashin sani ba ne. Haruffan maɗaba'a a juye suke, sai an buga su a takarda suke miƙewa, ita kuwa a juye ta koye su, kamar ubanta. Da malama ta ba ta alli sai ta rubuta komai daidai, amma ta baya, irin wanda sai da madubi. Malamar ta ce a koma gida a gyara. Aikin mako uku ne. Yarinyar da aka koro bara lafiyarta ƙalau, kanta kuma ya fi na duk waɗanda aka ɗauka.

Ya yi ƙoƙarin ya yi magana a hankali. Ya ce tawadar allo gawayi ce da ƙaro, kuma abin da ake rubutawa da ita maganar Allah ce. Wannan kuwa dalma ce, guba ce, ita take cinye kan yarinyar. Ya gaya mata layin da ke dasashi, da hannun da ya langaɓe, da abin da nas ta ce.

Inna Fanta ta ajiye faifan.

Ta ce matar Sabon Gari ba za ta koya mata renon yaro ba. Ta ce in guba ce, me ya sa shi yake wuni da ita a hannu shekara da shekaru, ga shi nan a durƙushe lafiya lau? Me ya sa ya kawo ta gida da kansa, ya zube ta a tabarma, ya ce wa yarinya ta yi wasa da ita? Ta ce ita ma ta lura karatun yana ja da baya, ba makauniya ba ce. Shi ya sa ta ƙara yawan haruffan. Da abin ya ci gaba, ta koma ba ta safe da yamma.

"Wa ya ce ki yi haka, Inna? Wane malami ne ya ba ki wannan?"

Ta dube shi. Ba ta cika dubansa ido da ido ba.

"Kai."

"Ni?"

"Ranar da aka koro ta. Ka zauna a zaure har la'asar ta wuce, ba ka ci tuwo ba, ba wanda ya leƙo ya ce maka sannu. Da ka shigo ka tarar tana rubutu ta baya a ƙasa, ka ce, 'Da ana wanke boko a sha kamar rubutu, da na huta.' Ina nan wurin, ina jin ka."

Ya tuna. Ya ma tuna ya yi murmushi da ya faɗa, domin yana ganin maganar ta yi ma'ana. Mutum ne da ba shi da abokin raha, saboda haka ɗan abin dariyar da ya zo masa yakan faɗe shi ne ga iska, bai taɓa zaton akwai mai ɗauka ba. Ashe a duk Fagge da Sabon Gari akwai mutum ɗaya da take sauraron kowace kalma tasa, take kuma ɗaukarta da muhimmanci.

"Ni ban so a kai ta bokon nan ba," in ji Inna Fanta, muryarta ta yi ƙasa. "Ka sani. Amma na ga kai kana so, na ga yadda ka zauna a zauren nan. Ba zan iya zuwa in ce maka komai ba. Abin da na iya shi na yi."

Wannan ce magana mafi tsawo da ta taɓa yi masa a kan kansa. Shekara talatin da huɗu yana jiran irinta.

Ya mayar da haruffan cikin gwangwani ɗaya bayan ɗaya, ya rufe, ya riƙe shi a ƙirji. Ya ce daga yau an daina. Ya ce gobe da sassafe asibiti za su, kuma duk ƙwaryar da aka taɓa jiƙa abin a ciki a fasa ta, duk tukunyar da ta taɓa shi a fitar da ita daga gidan.

Da ya ambaci tukunya sai ya ga fuskarta ta sauya.

Ya tuna daga inda ta ɗauko gwangwanin.

"Inna, me ya kai shi bakin murhu?"

Ta ce ai gobe ne gwajin, kuma shi da bakinsa ya ce babu na uku. Jiƙon bai isa ba. Saboda haka yau ta zuba haruffan duka a tukunya da tsamiya mai yawa, ta dafa su tun hantsi har ruwan ya ƙone ya koma rabi. Ta tace a kwanon sha, ta rufe da faifai domin ya huce. Niyyarta ta ba ta rabi da magariba, rabi da asuba.

"Yana ina?"

Idonta ne ya tafi ƙofar ɗakinta.

Labulen ya motsa. Zinariya ta fito a hankali, ɗankwalin da Celestine ya gyara mata ya zame gefe guda, tana riƙe da kwanon sha da hannu biyu. Ta zo har gaban ubanta, ta karkata masa kwanon domin ya ga cikinsa. Rabon da ya ga irin wannan fara'a a fuskarta tun kafin watan Maulidi.

"Baba, ka gani, na shanye duka. Ban rage ko kaɗan ba. Gobe zan iya."

Ya miƙa hannu zai karɓa. Kafin ya kai, yatsunta suka saki da kansu, kwanon ya faɗi ƙasa yana juyi.